Ranar da na wanke jirgin Baba

Da Baba ya yi ritaya daga reluwe, sai ya koma sassaƙa jirage a barandar gidanmu na Kafanchan. Ba na ƙasa ba, wai ya gaji da su. Jiragen yaƙin Turawa ne na da, masu farfela a hanci, yana kwaikwayonsu daga wani tsohon littafi mai hotuna. Da itace da gwangwala yake yin su, kowanne bai wuce kamu ɗaya ba.

Shekarar da hannunsa ya fara rawa, ya gaya mana a waya cewa wanda yake yi shi ne na ƙarshe. Wata biyar ya yi a kansa.

Na iso daga Kaduna ana jibi Kirsimeti. A gidanmu kafin Kirsimeti komai sai ya sha wanka, labule, kujeru, har firam ɗin hoto. Ni kuwa ba na ga maciji da datti. Baba ya tafi Madakiya gaisuwar rasuwa, na ɗauko jirgin daga kan kabad, na gan shi duk baƙi a gefen inji, fiffike ya goge, ga wani jan abu kamar tsatsa. Har faɗa na yi ni kaɗai, na ce mutanen gidan nan sun bar wa tsoho kayansa suna lalacewa. Na sa soso da sabulu na dirje shi tas.

Da ya dawo ya daɗe a tsaye yana kallon jirgin. Sannan ya ce, "Mama na, kin wanke masa yaƙin."

Ashe baƙin nan hayaƙin inji ne, shi ya shafa da baƙin tukunya. Tsatsar kuma jar ƙasa ce da ya tankaɗe. Gogewar fiffiken, wurin da matuƙi ke takawa ne in zai hau. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya ta sa na fara ɗaga murya, wai me ya sa bai gaya wa kowa ba.

Ya ɗauko burushinsa na gashin akuya, ya tsoma a baƙin tukunya, ya gwada shafawa sau biyu, tsinin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Sai ya miƙo mini.

"Zauna. Ke za ki riƙe, ni zan tuƙa."

Ya kama wuyan hannuna, muka fara ja daga inji zuwa baya, a hankali. A nan na ji rawar. A waya kullum cewa yake kaɗan ce. Ba kaɗan ba ce, har gwiwar hannuna take kaiwa, layin ya fita a karkace. Na ce bari in goge mu sake.

"Bar shi," ya ce. "Iyakar abin da ya rage mini ke nan."

Na sake tsoma burushin, ban ɗaga kai ba, don kada ya ga idona.