Garwar Hayaƙin Kawu Bawa

Ɗazu da hantsi ina bakin aiki waya ta shigo daga Argungu. Kawu Bawa ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku yi haƙuri da rubutun, kun san bokona bai yi nisa ba.

Ba ƙanen uwata ba ne, garinmu ɗaya kawai. Lokacin da anka ba mu jiha, ma'aikata sunka kwaso daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, ɗakin haya ya yi wuyar samu. Yana cikinsu, akawu ne mai buga tafireta. Ni kuma ina saurayi, na taho aikin lebura wurin masu gini, ina kwana rumfar mutane. Ya gan ni, ya tambayi sunan babana, ya ce, "Ɗauko tabarmarka, Sahabi. Ɗakin ya ishe mu."

Ɗaki ɗaya ne a Badariya, taga ɗaya ƙarama.

Kawu mutum ne mai karatu. In liman bai nan, shi ake turawa gaba a masallacin unguwa. Kuma yana shan taba. Ba wanda ya sani, don bai taɓa kunna ta a waje ba. Sai ya dawo daga ofis, ya turo ƙofa, ya ja labule.

Ni kuwa ina da ciwon asma tun ina yaro. Amma da wane baki zan ce ma babba, wanda ya ba ni wurin kwana, hayaƙinka na cuta ta? Sai in danne tarin, in ya ƙi dannuwa in ɗauki buta in fita kamar zan kewaya.

Ashe yana lura.

Wata Asabar ya shigo da tsohuwar garwar kananzir. Ya wanke ta da toka, ya yanka mata baki a gefe. Ya ciro ɗan moto daga mataccen kaset, ya yanka masa farfela da gwangwanin madara, ya haɗa da batir. Ya daka gawayi sama-sama, ya ƙulle a guntun gidan sauro, ya cusa ciki. Bai ce mani komai ba, sai "Riƙe nan" da "Miƙo waya."

Daga ranar, in zai sha, sai ya durƙusa gaban garwa, babban mutum da furfura a gemu, ya riƙa hura hayaƙin cikin bakinta. Ba duka take kamawa ba, amma na samu sauƙi. Duk Juma'a ya canza gawayi.

Da ya ji har yanzu ƙirjina na kuka, sai ya ƙara mata tiyo, ya zura ta taga zuwa lungu.

Tiyon nan shi ya ja mana.

Wata rana bayan La'asar, mutane na fitowa daga masallaci, maƙwabciyarmu Madam Ngozi mai shagon kayan robobi ta ga hayaƙi na fita ta tagarmu. Sai ihu, "Gobara! Ɗakin Malam ya kama!" Kafin mu motsa ta watso bokitin ruwa ta taga. Kawu ya jefa tabar cikin garwa. Anka banko ƙofa: mai gidan, liman, da rabin sahu.

Babu wuta. Sai warin taba, da mu biyu jiƙe sharkaf.

Duk ido ya dawo kaina. Mai gidan ya nuna ni da carbi. "Kai, ɗan banza! Malam ya rufa maka asiri, shi ne za ka mai da ɗakinsa tasha? Kwashe tsummokaranka yau ɗin ga."

Na duƙa na fara naɗe tabarmata. Wallahi na yi niyyar in tafi da abin a bakina. Ba wanda zai zarge shi, in ya yi shiru kawai abin ya wuce.

Sai na ji muryarsa. "Alhaji, bar yaron ga. Ni na. Shekara ashirin ina shan ta. Shi ko warinta bai so, don shi na yi wagga garwa."

Madam Ngozi ce kaɗai ta iya magana, ta ce, "Malam, sorry, na jiƙa maka riga."

Ba a sake tura shi gaba a masallaci ba. Ba wanda ya ce masa komai, kawai in liman bai nan sai a nemi wani. Ya koma sahu na biyu, gefen bango, kuma ko sau ɗaya bai fasa zuwa ba. Ni na san abin ya yi masa ciwo, don na ga yadda yake sunkuyar da kai in an tada iƙama.

Ba zan ce muku ya bar taba ranar ba. Ya daɗe yana faɗa da ita, sai bayan ya yi ritaya ya samu sa'arta.

Watan jiya na je gaishe shi Argungu. Yana kwance a zaure, numfashi da ƙyar. Ya riƙe hannuna ya ce, "Sahabi, hayaƙin da na shaƙa maka, ka yafe mani. Shi kaɗai nike tsoron a tambaye ni."

Na buɗe baki, kuka ya riga ni. Sai kai na iya ɗagawa. Ban sani ba ko ya gani, don idonsa ya yi rauni.

To Kawu, ga shi yau ina faɗa gaban jama'a, da sunana, kowa ya zama shaida: na yafe maka, duniya da lahira. Mutumin da ya ajiye girmansa don kada a kori lebura, ba ni bin sa komai.

Ya Allah, ni na yafe, Kai ma Ka yafe masa. Ka yalwata kabarinsa, Ka sa iskar Aljanna ta riske shi a ciki, Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce da danna alama kawai. Ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Bayan Azahar za mu kai shi.