Ranar da na kama bakin bindigar surukina

Shekarun da na yi a Greensboro, can ƙasar Turawa, da yawa sun gushe mini, amma ranar da na kama bakin bindigar surukina, ita kam sai dai a binne ni da ita.

Daga Damagaram 'yata ta ɗauko ni, tana da ciki wata bakwai, don in yi mata wankan jego. Mijinta direban babbar mota ne. Ba shi da mugunta, sai son a gani. Shekara huɗu da aurensu ban taɓa kallon idonsa ba, ban taɓa kiran sunansa ba. In ina da magana da shi, 'yata nake faɗa wa ko da yana zaune a ɗakin. Haka aka raine mu.

Sai ya sayo wata tsohuwar bindiga mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, an zana agwagi da ganyaye a jikin ƙarfenta. Kullum yana goge ta da tsumma kamar amarya da kwanukan jerenta. Ni ubana maharbi ne. Tasa bindigar baƙa ƙirin ce, ɗaure da fata, amma ta ciyar da gida. Wannan kuwa ko ɓera ba ta kashe ba a hannun surukina.

Wata Asabar ya kwashe mu zuwa wani fili wajen Summerfield, wai mu ga harbinsa. Magidanta da furfurarsu sun jeru su biyar. Mutum ya yi ihu, inji ya cillo ɗan faifan yumɓu sama, a harbe shi ya tarwatse. Ba nama, ba romo. Na ce wa 'yata, "Yanzu fasa kasko ne aikin maza a ƙasar nan?"

Ta ce, "Inna, wasa ne fa."

Na ja tsaki. Amma idona na kansu. Na lura duk wanda ya gama, sai ya buɗe bindigarsa ta tsakiya, kamar ya karya ta biyu, ya rataya a hannu, kowa na ganin babu harsashi ciki. Wannan kam na yaba musu. Surukina kaɗai ke yawo da tasa a rufe, wai in an karya ta zanen ba ya fitowa sosai.

Ya ɓarar da harsashi ya fi goma, fayafayan na sauka ƙasa lafiyarsu lau. Sai ya baro layi ya nufo mu yana washe baki, ya ce wa 'yata: "Ke, ɗauke ni hoto a aika gida!" Bakin bindigar ya tsaya daidai cikin 'yata.

Ban san sanda na tashi ba. Na cafke ƙarfen, da zafinsa, na ɗaga shi sama, na dube shi tsakiyar ido.

"Kai! Wa ya koya maka nuna wa mutum bindiga? Buɗe ta!"

"Hajiya, ai babu komai ciki."

"Na ce buɗe!"

Ya buɗe. Ga harsashi nan a ramin bindigar na ƙasa, sabo fil. 'Yata ta zauna daɓas a kan benci ta riƙe cikinta. Tsohon baturen da ke kula da filin ya zo ya karɓi harsashin, ya faɗi 'yan kalmomi, ya nuna masa hanyar mota. Ban nemi tafinta ba.

Da labari ya kai wa matan masallacinmu, wasu suka ce Hajiya ta zubar da girmanta, ta yi wa suruki tsawa gaban arna. Su ce. Jikana ya zo duniya da ƙafafunsa biyu. Abin da na koya shi ne, kunya ta zaman lafiya ce. In rai ya shigo cikin magana, wanda ya gani ya buɗe baki, ko gaban wa yake.