Goggo Ikilima da Ruwan Harisu

Zulfa ta fara jin sunan Goggo Ikilima ne a bakin kawunta Harisu, yana cewa tsohuwa ta ruɗe. Goggonsa ce, mai tara yara ranar Sallar Gani tana ba su tarihi. A fassararta, macijin Kusugu rowa ce, shi ya sa ya hana Daurawa ruwa sai Juma'a.

Da Harisu ya haƙa burtsatse ya garƙame da kwaɗo, ya ce maƙwabta su jira sadakar Juma'a, sai Goggo Ikilima ta daina cin tuwon gidansa.

"Macijin ma bai kira nasa sadaka ba," in ji ta.

Aka aiki Zulfa ban haƙuri. Tsohuwa ta riƙe hannunta ta ce, "'Yar nan, ranar da na cika, kada ki bari a wanke ni da ruwan Harisu."