Mahfuza da Agwagin Boalkandi

Tun tana ƙarama aka san Mahfuza Khanom da yawan tambaya. Mahaifinta mai ɗinkin raga ne a yankin Sunamganj, kuma ya sha korarta daga gefensa saboda ta dame shi da son sanin dalilin da ya sa kifi ke shiga raga alhali yana da ido. Da ta girma ta yi koyarwa na wasu shekaru, sannan aka ɗauke ta ofishin ilimi na gunduma. Aikinta shi ne bin makarantun da suka koma baya, waɗanda aka aika wa taimako, ta ga abin da ya iso da abin da ya amfanar, ta rubuta rahoto zuwa babban ofishin yanki.

Abokan aikinta sukan gama nasu rahoton a zaune, da wayar hannu da kofin shayi. Ita kuwa sai ta je. Mijinta Motaleb, mai shagon magani a kasuwa, yakan ce da ita, "Ke dai ko lahira aka kai ki, sai kin tsayar da mala'iku kin yi musu tambaya."

"To ai gara in sani," in ji ta, tana ɗaure lemarta.

A wata damina, ruwa ya shafe gonaki kamar yadda ya saba, ƙauyuka suka zama tsibirai. Makarantar Boalkandi na cikin waɗanda yara suka daina zuwa, don haka ofishin yanki ya ba ta kwalekwale mai inji da direbansa, a riƙa ɗauko yara. Kowa ya ɗauka an gama. Amma da alƙaluman zuwan yara suka iso teburin Mahfuza, sai ta ga kusan babu abin da ya canza.

Ta kai wa shugabanta, Nirmal Babu, mutum mai haƙuri da ciwon gwiwa.

"Ranka ya daɗe, an ba su jirgi, amma aji babu kowa. Ina yaran suke?"

"Yaya Mahfuza, rubuta cewa jirgi ya isa kuma yana aiki. Ai gaskiya ne."

"Gaskiya ne. Amma wa yake ɗauka?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Je ki, don Allah. In ban bar ki ba, ba zan sha shayina da daɗi ba."

Ta sauka gidan wata 'yar gwaggonta a ƙauyen, washegari da safe ta shiga kwalekwalen tare da shugaban makarantar, Malam Sirajul. Dattijo ne siriri, bakinsa ja da ganyen pan da ake taunawa a can kamar goro. Suka bi unguwa-unguwa, direba na buga ƙaho. A nan yarinya ɗaya ta fito, a can biyu. Sauran ƙofofin sai mata masu wanke tukwane suna ɗaga musu hannu.

"Kin gani ko, Malama?" in ji Sirajul. "Iyayen nan ba su damu da karatu ba. Na yi magana har muryata ta dushe."

Hankalin Mahfuza kuwa ya tafi can nesa, inda ruwan bai da zurfi. Wani abu ne baƙi-baƙi ya rufe fuskar ruwan yana motsi. Da suka matsa sai ta ga agwagi ne, garke bayan garke, kuma bayan kowane garke akwai yaro ko yarinya a ƙaramin kwami, da doguwar gora a hannu.

"Malam, waɗancan ba ɗalibanka ba ne?"

Ya kare ido da tafin hannu. "Su ne mana, ja'irai! Ga ma wanda ya fi kowa lissafi can."

Ta sa aka tsaya a gidan wata tsohuwa mai suna Fuljan, wadda ke zaune tana jera ƙwai a kwando. Bayan gaisuwa Mahfuza ta tsuguna kusa da ita.

"Inna, me ya sa sai da safe ake fita da agwagin? In aka bari sai la'asar fa?"

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. "'Yar nan, ke da safe kike karyawa ko da la'asar? Sun kwana a kulle, sun yi ƙwai, yunwa suke ji. In ba su ci dodon koɗi da sanyin safiya ba, gobe kwandon nan wayam."

"Iyayensu maza fa?"

"Suna can wajen kamun kifi. Wasu sun tafi birni dako. Ni zan bi agwagwa da wannan ƙugun?"

"Yaushe yaran ke dawowa?"

"In rana ta take. Lokacin kuma jirginku ya daɗe da wucewa da ihunsa."

Mahfuza ta yi dariya har ta dafa ƙasa. Ta ci gaba da tambaya: agwagwa nawa yaro ɗaya zai iya kora, yaya suke gane nasu in garke ya cakuɗe, shin da rani ma haka ake yi. Sai da Sirajul ya yi gyaran murya ya tuna mata cewa akwai aji yana jira.

Rahoton da ta rubuta ya fi na kullum tsawo. Nirmal Babu ya karanta yana girgiza kai.

"An tambaye mu jirgi, kin kawo mana kiwon agwagwa. A wane gurbi zan sa wannan?"

"A sa shi a ƙarshe, ranka ya daɗe. Wanda ya gaji ya tsaya a jirgi."

Haka aka aika. Shiru, har ruwa ya janye aka shuka shinkafa. Sai gab da damina ta gaba takarda ta zo cewa a gwada fara karatu bayan azahar a Boalkandi, na watannin ruwa kawai.

Yara sun ƙaru sosai, amma abin bai tafi sumul ba. Malamai biyu da ke zuwa daga gari suka yi ƙorafin cewa iskar yamma na tayar da igiyar ruwa a hanyarsu ta komawa, ɗaya har ta nemi canjin wuri. Wannan ma Mahfuza ta rubuta shi, ba ta rage komai ba. Daga baya aka gyara wa malaman ɗaki a gefen makarantar, suna kwana in iska ta tashi.

Ta yi shekaru tana wannan yawon kafin ƙafa ta gaza, ta ajiye aiki. Yanzu takan zauna a shagon Motaleb da hantsi, wai tana taya shi. Duk wanda ya zo sayen maganin tari, sai ta ji ƙauyensu, da ko malamin lissafi yana zuwa, da inda yara ke shan ruwa. Motaleb ya ce ciniki ya ragu saboda layi ba ya tafiya, amma ya saya mata kujera mai jingina, ya ajiye ta daidai bakin ƙofa.