Kawu Modu da bindigar korar tsuntsaye

Na tarar da Kawu Modu a gonarsa ta Gashuwa, bindigar roba mai gas da na sayo masa a Nguru don korar tsuntsaye tana ta huci, gas na zurarewa. Jan-baki kuwa suna cin shinkafa hankali kwance.

Sai da na nanata masa cewa man silikon kaɗai ake sa mata, wani mai yana cinye robobin ciki.

"Kawu, me ka zuba mata?"

"Baƙin mai mana! Injin ban-ruwana kullum shi yake sha, bai taɓa ƙorafi ba. Ita 'yar gidan uban wa ce?"

Yanzu Kawu ya koma kaɗa gwangwani cikin rana.

Ku ma a gidanku akwai wanda ya yi imani da baƙin mai haka?