Dokta Lawal da saifar Jumma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni: malamina Dokta Lawal, mutumin Kusada, ya rasu.

Shi ya koya mini karanta hoton ciki a shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya kawo wa asibitinmu injin ɗaukar hoto. Ina 'yar ƙauye mai tsoron taɓa injin, shi kuwa yana tsokanata: "Binta, ba ya cizo."

Kullum sai ya raba ƙosansa biyu ya miƙo mini.

Ba zan manta ranar da aka kawo Jumma ba, mai tallan nono daga Bauranya. Ta faɗo daga bayan mota a Kankiya. Ba rauni a waje, kuma kun san Fulani da dauriya. Ko me ka tambaye ta, "Ba komai."

A lokacin, zazzaɓin cizon sauro ya sa kumburin saifa ya zama ruwan dare. Wanzami kan yi tsaga daidai inda kumburin ya kai. Tsagar Jumma sabuwa ce, har kusa da cibiya. Amma a hoton da na ɗauka, saifar ta tsuke, ta koma can ƙarƙashin haƙarƙari.

Mijinta ya yi murna. "Tsaga ta yi aiki ke nan. Likita, a sallame mu, shanu na jira."

Dokta ya dubi hoton, ya dubi tsagar, ya kama hannunta ya ji sanyi ƙalau.

"Malam, wanga ba sauƙi ba ne. Saifa na aje jini. In jiki ya rasa, sai ta matse nata ta ba shi. Matarka jini take zubdawa daga ciki. In kun tafi, ba ta kai gida."

Aka yi mata aiki nan take. Cikin cike yake da jini, jijiya ce ta tsinke. Da jinin ƙari ya gaza, Dokta ya naɗe hannun rigarsa aka ɗibi nasa.

Wallahi ina alfahari da cewa a hannun mutumin nan na koyi aiki.

Ganina da shi na ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ne. Idon da ya karanta hotunanmu ya dushe, sai da murya ya gane ni. Ko zama ban yi ba ya ce, "Binta, Jumma na nan kuwa?"

Tana nan, Dokta. Ta tsufa, ta ga jikokin jikoki. Ɗazu aka ce mini tun hantsi take zaune a ƙofar gidanka, ta ƙi cin komai. Wannan karon ba ta ce "ba komai" ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa jinin nan da ka bayar ya tsaya maka ranar hisabi.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da Jumma, Allah Ya ba ta haƙuri.