Jajen Ƙwallo a Ƙofar 'Yandaka

Ko da zan manta da duk wasannin ƙwallon da na kalla a rayuwata, akwai wata Lahadi da ba za ta taɓa fita daga raina ba, don a ranar ce na kusa rasa abokin da muka taso tare tun muna aji ɗaya a firamare. Kuma ba wani ne ya shiga tsakaninmu ba. Ni ne da kaina, da bakina, da jar rigata.

Ba sai na faɗi sunansa ba, Mutumina nake ce masa, shi ma haka yake ce mini. Bakanike ne, gyaran babur yake yi a Ƙofar Sauri, ni kuma ina aikin ofis a GRA. Gidansu na gado yana Ƙofar 'Yandaka, can na yi rabin ƙuruciyata, don Innarsa ta ɗauke ni tamkar ɗan cikinta. Komai namu ɗaya ne in ban da abu guda. A cikin ƙungiyoyin ƙwallon Turai shi masu shuɗiyar riga yake bi, ni kuwa masu jar riga, kuma tun muna samari ba mu taɓa yarda da juna a kan ko ɗan wasa ɗaya ba.

Majalisarmu tana gindin wata bishiyar bedi, dab da teburin mai shayi, kusa da rumfar Mutumina. Nan ake baje kolin gardama. In ce masa mai ci musu ƙwallo ya tsufa, gwiwoyinsa sun gama aiki, gara a ba shi carbi ya koma gida. Shi kuma ya ce golanmu rariya ce, kuma kocinmu ko 'yan unguwa ba zai ba shi ya horar ba. In na matsa masa sai ya tono mini tsohon asiri, ya ce, “Kai da ko a gasar makarantu benci ka yi ta ɗumamawa, mi ka sani a ƙwallo?” Abin haushi gaskiya ya faɗa, shi ne ya buga wa makarantarmu lamba tara, ni buhun ƙwallaye nake ɗauka.

To, muna da wata al'ada a majalisar nan, jaje muke ce mata. Duk wanda aka ci ƙungiyarsa a babban wasa, washegari 'yan ɗaya ɓangaren za su sayi goro ƙwaya uku, su ɗaure fuska, su same shi, su durƙusa kamar an yi masa rashi, su ce, “Ashe haka Allah ya yi? Sannu da haƙuri.” Shi kuma dole ya karɓi goron, ya sa a haɗa musu shayi. Babban majalisarmu, wani Alhaji mai kantin fenti, shi ya kafa dokarta: ba zagin iyaye, kuma jaje a rumfa ake yinsa ko a gindin bedi, ba a bin mutum gida. Ya kan ce gida wurin iyali ne, wasa a bar shi a titi.

Inna ba ta san komai game da ƙwallo ba, ko talabijin ba ta zama ta kalla, amma tana da nata tsarin. In muka shiga gaishe ta bayan wasa sai ta ce, “To, yau wa aka ci?” Wanda aka ci shi za ta ɗora wa babbar tsoka a kan tuwonsa. Shekaru da dama a jere ni nake cin tsokar nan, don ƙungiyarmu ta shiga wani hali da sai addu'a. Mutumina ya kawo mini goro har na daina ƙirgawa, kuma wallahi ya iya, har da ɗan goge ido da gefen riga. Na ƙullace shi a raina, na ce ranar da Allah ya ba ni sa'a sai ya gane kurensa.

Ranar kuwa ta zo. Ƙungiyoyinmu biyu suka kai wasan ƙarshe na cin kofi. Saura kamar kwana goma, muna zaune yana kwance kafireton wani babur, ya ɗago kai ya ce, “Inna fa ba ta jin daɗin jikinta kwanan nan.” Kun san abin da na ce masa? Na ce, “Ai duk uwar da ɗanta ke bin ƙungiyar nan dole ta kwanta. Ka sauya riga ka ga in ba ta miƙe ba.” Aka yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Na ce zan leƙa in gaishe ta, kuma har ga Allah na yi niyya. Amma kullum in na tashi daga ofis gindin bedi nake zarcewa, a ci gaba da musun wa zai fara wasa, wa za a ajiye a benci.

Ranar Asabar bayan la'asar aka take wasa. Gidan kallo ya cika maƙil, janareta na ruri, fanka ɗaya tana juya mana zafi. Na duba bencin da Mutumina ya saba zama, babu shi. Na ce wa jama'a tsoro ne ya hana shi fitowa. Kafin a tafi hutu mun zura ɗaya. Da aka dawo, wayata ta fara ƙara, na duba na ga shi ne. Na ɗaga ta sama kowa ya gani, na ce, “Ga shi nan, zai fara ɗora wa alƙalin wasa laifi,” na katse. Ya sake kira, na sake katsewa. Kira na uku ya shigo daidai lokacin da muka zura ta biyu, ina tsaye a kan benci ina ihu, ko kallonta ban yi ba. Da aka tashi na tara 'yan jar riga, na ɗauki saƙon murya na tura masa. Na sassauta murya na ce, “Mutumina, ashe haka Allah ya yi? Sannu da haƙuri, Allah ya ba ka dangana, gobe muna tafe.” A bayana ana ta shewa. Bai amsa ba, ni kuma na yi ta buga wa mutane waya ina tsokanarsu har cajina ya ƙare, ga shi babu wuta a unguwarmu.

Da hantsi na sa jar rigata, na ɗauki tsohuwar motata, na kwashi 'yan ƙungiyarmu biyu, muka sayi goro fari tas ƙwaya uku, muka nufi Ƙofar Sauri. Rumfar a rufe. Gindin bedi ma babu kowa, ranar Lahadi mai shayi ba ya fitowa da wuri. Na ce, “Ɓuya ya yi, mu bi shi gida.” Ɗaya daga cikinsu ya ce, “Haba Malam, ai Alhaji ya hana.” Na ce gidan nan gidanmu ne, a can na girma, dokar Alhaji ba ta hau kaina ba. Har ina cewa yau zan ga yadda Inna za ta ba shi tsokar. Yanzu in na tuna sai in ga alamu sun yi yawa, amma mai jiran ramuwa ba ya ganin komai sai abin da ya sa a gaba.

Lungunsu mota ba ta shiga, don haka na tsaya a bakin hanya, na danna oda sau uku yadda za su ji. Na shige gaba ina wasa da goro a hannu, na bayana yana busa usur. Muna shan kwana na ga tabarmi shimfiɗe tun daga ƙofar gidan har gindin masallaci, mutane zaune jugum, ga butoci a jere. A jikin bango kuma makara ce jingine, ba a ma mayar da ita ba. Usur ya tsaya. Kowa ya ɗago yana kallon jar rigar nan, wadda ko daga ƙarshen lungu za a hango ta.

Alhaji mai fenti ne ya taso da sauri ya riƙe mini wuyan hannu, ya ja ni gefe. Ya ce, “Kai, natsu. Innar mutumin naka ce, da asuba Allah ya karɓi abinsa. Yanzu muka dawo daga kai ta. Tun safe nake neman wayarka a kashe.” Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bai tuna mini da dokarsa ba. Babbar rigarsa ya tuɓe ya zura mini, shi ya tsaya daga shi sai 'yar ciki. Ta rufe ni har ƙasa, amma jan wuyan rigar yana nan yana leƙowa. Na cusa goron a aljihu.

Na ratsa mutane na durƙusa gaban Mutumina. Idanunsa sun yi ja, ƙafafunsa duk ƙasar maƙabarta. Na buɗe baki zan yi gaisuwa, sai na ji kalmomin da zan faɗa su ne waɗanda na tura masa jiya ana dariya. Da ƙyar na ce, “Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.” Ya ce, “Amin, na gode,” ya juya ga na bayana. Haka yake amsa wa kowa, har waɗanda bai sani ba. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini lokaci ɗaya irin na ranar ba. Matar da ta ciyar da ni shekara da shekaru, ban samu sallarta ba, ban ɗauki makararta ba.

Kullum ina zuwa zaman makoki, a yi addu'a a shafa, mu gaisa sama-sama. Sai bayan an yi bakwai, da ya buɗe rumfa, na same shi shi kaɗai yana wanke sifanoni da fetur. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na ce masa ya yafe mini. Ya ci gaba da wankin sifanoninsa. Can ya ce, “Mota na so. Numfashinta ne ya sarƙe, na ce bari in kira ka mu kai ta asibiti. Da ba ka ɗauka ba muka tari kurkura, keken nan mai ƙafa uku, na rungume ta a baya har muka isa.” Na sunkuyar da kai. Ya ce, “Kar ka ɗora wa kanka, kwana ne ya ƙare, ko a mi aka kai ta sai ta tahi. Abin da ya yi mani zafi saƙon nan ne. Ina barandar asibiti ya shigo, na zaci ka ji labari ne za ka ce gani nan tafe. Na kara a kunnena.”

Na zaci ya gama, ashe da saura. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, “Wajen magariba ta ɗan farfaɗo, ta ce mani ba yau ne wasan naku ba, wa aka ci? Na ce mu aka ci, Inna. Ta yi murmushi ta ce, to yau ɗan'uwanka yana cikin daɗi. Ka ce mashi in ya gama murnar ya zo ya gaishe ni.” Nan na fashe da kuka a bakin titi, ƙato da ni, masu babur suna wucewa suna kallo. Ya ce ya yafe, kuma na san ya faɗa da gaske, don ba ya ƙarya.

Amma yafiya daban, komawa yadda ake daban. Wata da watanni muna gaisawa cikin mutunci, ya tambayi iyali, in tambayi aiki. In aka fara gardamar ƙwallo sai ya tashi ya koma kan babur ɗin da yake gyarawa. Na kai ga ina zagin golanmu da kaina, ko zai tanka, ya ƙi. Kai, ban san tsokanar nan tasa ita ce gishirin zamanmu ba sai da ta ɗauke. Ladabin da yake yi mini ya fi zagi ciwo.

Sai da sabuwar kakar wasa ta yi nisa, aka yi mana wani mugun ci, huɗu ba ko ɗaya. Washegari ina gindin bedi, sai ga shi ya tsallako titi da kayan aikinsa duk baƙin mai. Ya zauna kusa da ni ya ce, “Ya gida? Ya yara? Ya ƙafar babanka, ta yi sauƙi?” Na amsa masa ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar kowa lafiya. Sannan ya ɗaure fuska, ya zame daga benci ya durƙusa, ya zaro goro ƙwaya uku daga aljihu ya ce, “To, ashe haka Allah ya yi? Na faɗa maka golan nan rariya ce.” Majalisa ta kwashe da dariya. Ni kuwa na karɓi goron da hannu biyu, na ce wa mai shayi ya haɗa wa kowa mai kauri. Tun da nake ban taɓa jin daɗin an ci mu ba sai ranar.

Har yau ina bin jar riga, har yau muna musu kamar za mu cinye juna. Amma abin ya koya mini cewa 'yan wasan da nake ɗaga jijiyar wuya a kansu ba su san ina duniya ba, wadda ta san ni kuwa ta jira gaisuwata kwana goma ban je ba. Shi ya sa yanzu in aka ce mini wani ba ya jin daɗi, ranar nake zuwa. Kuma in wayata ta yi ƙara a gidan kallo, ko fenariti za a buga, sai in tashi in fita in ɗauka.